A Kan Tudu Ake Gama Magana

Duk wanda ya zauna a Umdurman ya san cewa garin nan ba shi da awo guda. Mai madarar da ke zaga unguwa da jakinsa da sassafe da ratal yake sayarwa, ratal kuwa bai cika rabin kilo ba, giram 450 ne ko kusa da haka. Mahauci da kilo yake yanka maka nama. Dawa da gero da malwa ake auna su, ko da kaila idan mai gida ne ya zo sayen na wata. Manomin Jazira da faddan yake lissafin gonarsa, murabba'in mita 4,200. Ƙaron da ake kawowa daga Kurdufan da ƙinɗari ake cinikinsa, ratal ɗari. Direba kuma in ya tsaya gidan mai galan yake ambata, galan ɗin Ingila mai lita huɗu da rabi, wanda Turawa suka tafi suka bari tun 1956. Ga ma'aunin Larabawa, ga na Ingila, ga na Faransa, duk a bakin mutum ɗaya kafin azahar.

Ni da na tashi a Kano cikin mudu da tiya da kwano, da yadi a wurin tela, da gaba a wurin masu haƙar rijiya, wannan bai taɓa damuna ba. A kasuwa in awo ya rikice kana da baki. Ka tambaya, ka ja, ka mayar da kaya, in ta yi zafi a kira dattijo ya raba ku, asarar kuma ba ta wuce 'yan kuɗi. Inda na gane cewa lambar da ba a faɗi awonta ba tana iya kashe mutum shi ne ƙarƙashin ruwa, inda bakinka yake cike da roba, yatsunka kaɗai ke magana.

Karatu ne ya kai ni Khartum, kamar yadda ya kai 'yan arewa da yawa kafina. Zaman ɗakin ɗalibai bai karɓe ni ba, sai na ƙetara gada na sauka a Umdurman, gidan wani dattijo Bahaushe kusa da Maurada, inda kasuwar kifi take. Kakanninsa suna cikin waɗanda suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, har bakin Shuɗin Nilu, inda garin Mai Wurno yake a yau kusa da Sinnar. Bai taɓa ganin Sakkwato ba, amma Hausar Sakkwato ce a bakinsa, su kuma shi ne gadonsa. Hausawan Sudan sun yi suna wajen kamun kifi, tun daga Rusairis har madatsar Jabal Auliya da ke kudu da Khartum. Baba nake ce masa. Shi kuma ɗan Kano yake ce mini, in zai yi mini faɗa ya ce yaro.

Tsoron ruwa nake yi, kuma ban taɓa ɓoye masa ba. A gidanmu ko kududdufi ba a barinmu zuwa. Shekara guda ina cin kifin da yake kamowa ban taɓa sa ƙafa a kwale-kwalensa ba.

A wata damina, lokacin da Shuɗin Nilu ya cika ya batse yana ɗauke da ƙasar tsaunukan Habasha, wani abokin karatuna ya shiga wanka ƙasa da Mugran, inda kogunan biyu suke haɗuwa, bai fito ba. Allah ya ji ƙansa, ya sa ya huta. Ya iya iyo, shi ya sa ya shiga. Amma ruwan watan Agusta a Khartum ba ruwan da ya saba da shi ba ne. Samansa shiru, ƙasansa gudu.

Da masu nutso suka iso da tukwanen iska, Baba ne ya ɗauke su a kwale-kwalensa, domin shi ya san inda ruwa yake juyawa ya ajiye abin da ya ɗauko. A ranar na fara shiga jirgin nan, don ba zan iya tsayawa a gaɓa ba. Babbansu ya tambayi Baba zurfin wurin. Baba ya ce gaba huɗu. Mutumin bai gyaɗa kai ba. Ya ce, "Alhaji, gaba huɗu da hannun wa, naka ko nawa?" Sai ya jawo igiyarsa mai ƙulli a kan kowace mita, ya roƙi Baba ya ware hannuwansa a kanta. Baba dogo ne, warewar hannunsa ta kusa cin ƙulli biyu. Mutumin ya juya ga yaransa ya ɗaga murya ya ce mita bakwai da rabi, su kuma suka maimaita masa, mita bakwai da rabi. Raina ya ɓaci a lokacin. Gawa tana ƙasa, mutane suna kuka a gaɓa, shi kuma yana awon hannun tsoho.

Sai da na ga yadda suke aikin na yi shiru. A ruwan nan mai nutso ba ya ganin tafin hannunsa, balle agogon da ke nuna masa zurfi ko sauran iska. Da lalube yake tafiya. Ransa yana hannun wanda ke zaune a jirgi, igiya a hannu ɗaya, agogon lokaci a ɗayan. Kafin kowa ya sauka sai sun faɗa da baki abin da ja ɗaya yake nufi, abin da ja biyu yake nufi, minti nawa za a ba shi kafin a jawo shi ko ya so ko bai so ba. Duk maganar da ba a gama a sama ba, babu inda za a yi ta. Da la'asar suka fito da shi.

Ba jarumta ce ta kai ni koyon nutso ba. Zaman da na yi a cikin jirgin nan ne, ina kallo, ban iya tsinana wa abokina komai ba. Da rani ya zo ruwa ya janye, Baba ya kai ni wani yashi kusa da Abu Rof, inda masassaƙa ke haɗa jiragen ruwa da katakon bagaruwa, ya fara koya mini iyo a ruwan da bai wuce ƙirji ba. "Yaro," in ji shi, "iya ruwa fid da kai. Kada ka yi zancen ceton wani tukuna."

Koyon nutso da tukunya kuwa sai a Bur Sudan, bakin Bahar Maliya, tafiyar wajen kilomita 800 ta Shandi da Atbara da Haya. Ita ce tashar da Turawan Ingila suka gina a farkon ƙarni na 20 ta maye gurbin Sawakin, inda kakanninmu mahajjata na ƙafa suke ƙetarawa zuwa Jidda. Wanda ya saba da jan ruwan Nilu, in ya leƙa tekun nan ba zai gaskata idonsa ba, domin daga jirgi kana hango kifi a zurfin da ya fi gidan bene. A nan tudun murjanin Sanganeb yake, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren gadon duniya a 2016. A nan kuma, a Sha'ab Rumi, Bafaranshen nan Jacques Cousteau ya kafa gidaje a ƙarƙashin teku a 1963, mutanensa suka yi wata guda suna kwana a zurfin mita 10. Har yanzu kangon ɗaya daga cikin gine-ginen yana nan, murjani ya lulluɓe shi.

Malamina tsohon ma'aikacin tashar jiragen ruwa ne, ya ƙare ƙuruciyarsa yana duba ƙarƙashin jirage. Usta kowa yake ce masa. Yana da wata ɗabi'a da ke gajiyar da sabon ɗalibi: ba ya karɓar lamba tsirara. Ya tambaye ka zurfin da za a je, ka ce talatin, sai ya zuba maka ido ya ce, "Talatin ɗin me?" Ba zai ƙara kalma ba, ba zai kuma ɗauke ido ba, sai ka ce mita.

Tambayar tana da nauyi, ga dalili. Ƙafa talatin mita tara ce da ɗan ɗoriya. A wannan zurfin mutum yana iya yawonsa har iskar tukunyarsa ta yi ƙasa, bai shiga wani haɗari na musamman ba. Mita talatin kuwa ƙafa ɗari ce saura kaɗan, kuma wata duniya ce daban. Iskar da muke tafiya a cikinta a tudu tana danna jikinmu da nauyin da ake kira bar ɗaya. Kowace mita goma ta ruwan teku tana ƙara bar ɗaya a kai. A mita goma matsi ya ninka biyu, a ashirin uku, a talatin huɗu. Ke nan a mita talatin kowane numfashi yana cin iskar numfashi huɗu na tudu, tukunyar da za ta yi maka awa guda a sama ba za ta wuce rubu'in awa ba. Sannan kusan kashi huɗu cikin biyar na iskar da muke shaƙa naitirojin ce, wadda jiki ba ya amfani da ita. A ƙarƙashin matsi tana narkewa cikin jini da tsoka, in mutum ya daɗe ko ya taso da sauri ta fito a matsayin kumfa a cikin jijiya da gaɓoɓi da laka, ta shanye ƙafa ko ta kashe. Teburin lokutan nutso da aka koya mini ya ba mutum minti 56 a mita 18, amma minti 20 kacal a mita 30. Ita kuma naitirojin ɗin, daga wajen mita talatin, tana fara sa maye. Mutum yana jin daɗi, yana ganin daidai yake, alhali in ka ce ya tara bakwai da takwas sai ya tsaya tunani.

Wannan na ƙarshen shi ne abin da ya fi zama mini a rai. Wurin da ka fi bukatar lissafi, nan ne kanka ya fi kasa yin sa.

Awo biyun nan kowanne da asalinsa. Teburin farko na yadda mai nutso zai taso a hankali, wani masani ɗan Birtaniya mai suna John Scott Haldane ne ya tsara wa sojan ruwan ƙasarsa a 1908, da ƙafa. Sojan ruwan Amurka suka ɗora a kai, su ma da ƙafa, da laba, da wani awon matsi da ake rubutawa psi, wato nauyin laba a kan murabba'in inci. Na'urar da ta ba mutum damar goya iskarsa a baya ya yi yawo ba tare da bututu daga sama ba kuwa a Faransa aka ƙera ta a 1943, aikin Cousteau da injiniya Émile Gagnan, su kuma mutanen mita ne da lita. Ƙungiyoyin koyarwa suka tashi a ɓangarorin biyu, CMAS a Monako a 1959, PADI a Amurka a 1966. Yau a jirgi ɗaya a Bahar Maliya za ka iske Bajamushe da Ba'italiye da Ba'amurke da ɗan Saudiyya, kowa da agogonsa. Tukunyar alminiyon da aka fi yayi, shi Ba'amurke tamanin yake kiranta, don tana ɗaukar iska wajen ƙafa tamanin a awon cika. Mutumin Turai kuma ya ce lita 11 ce. In ta cika, agogon wancan ya nuna 3,000, na wannan ya nuna 200 da 'yan kai. Tukunya ɗaya, iska ɗaya.

In ra'ayina ake so, awon mita da bar ya fi dacewa da nutso, kuma ba don son Faransa na faɗa ba. Mita goma bar ɗaya, lissafin da yaro ɗan aji uku zai yi. Litar tukunyarka sau bar ɗin da ke kan agogo, ga yawan iskar da ta rage maka. A ɗaya awon sai ka raba da 33, ka tuna 14.7, kai kuma kana cikin maye, ruwa yana janka. Amma ba zan ce wa wanda ya yi shekara ashirin yana karanta ƙafa ya canja a ranar da zai shiga ruwa ba. Idonsa ya riga ya san inda allurar agogonsa take tsayawa in abu ya fara ɓaci, wannan sanin kuma ya fi kowane tebur daraja. Haɗarin ba a cikin ƙafa yake ba, ba a cikin mita ba. Yana tsakanin mutum biyu, kowanne yana zaton ɗan'uwansa da awonsa yake magana.

Na ga wannan da idona a kan Umbria. Jirgin Italiya ne da matuƙinsa ya nutsar da shi da gangan a bakin Bur Sudan a watan Yunin 1940, daidai lokacin da Italiya ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, don kada Turawan Ingila su ƙwace kayan da ke ciki, bama-bamai wajen 360,000. Yana nan kwance a gefensa kusa da tudun murjani na Wingate, tsawonsa wajen mita 150, samansa ya kusa leƙowa waje, ƙasansa ya haura mita 30. A ranar Usta bai fita da mu ba, wani matashin jagora ne ya kai mu. Abokin tafiyata a ruwa wani mutumin Umdurman ne da ya daɗe a Amurka, ya zo ganin gida, ya taho da kayan nutsonsa. Ya girme ni nesa ba kusa ba, ya fi ni sanin ruwa, mutum ne mai natsuwa. Jagora ya yi bayaninsa kamar kullum: wanda ya kai ɗari ya sanar, a hamsin mu hau. Bai ce ɗarin me ba. Kowa ya gyaɗa kai.

Mun kai wajen mita 25 muna bin jikin jirgin sai jagora ya juyo ya buga yatsu biyu a tafin hannunsa, alamar tambayar sauran iska. Na nuna nawa. Abokina ya ɗaga yatsa ɗaya, sannan biyu. Shi 1,200 yake nufi a agogonsa. Jagora ya karanta 120. Babu wanda zai rikita 3,000 da 200 in an rubuta su, amma sifiri ba shi da yatsa, mai nuni da hannu zubar da shi yake yi. Bar ɗaya psi 14 da rabi ne, ba goma ba, saboda haka 1,200 ɗin nan bar 83 ne. Da jagora ya san haka da tuni mun juya. Sai ya ci gaba da mu, ya nuna mana bama-baman nan a jere a cikin rumbun jirgi kamar jiya aka shirya su. Da ya sake tambaya, abokina ya ware yatsu biyar. Jagora ya ga hamsin, ya yi alamar mu koma wajen igiya mu hau a hankali, yadda aka tsara. Biyar ɗin kuwa 500 ce, bar 34, a zurfin da kowane numfashi yake cin na uku da rabi, ga kuma iyo a gabanmu kafin mu kai igiya.

Mun kusa wurin da ake tsayawa a mita biyar sai na ji an kama dantsena. Na juya. Ya kai hannu maƙogwaronsa ya ja shi a gicciye, alamar iskarsa ta ƙare. Ta cikin gilashin fuskarsa idanunsa sun fito, amma bai yi fizge-fizge ba, bai kuma yi sama a guje ba, wanda shi ne abin da jiki yake umartar mutum, shi ne kuma abin da ke fasa huhu, domin iskar da aka riƙe a ƙirji tana kumbura yayin da matsi ke raguwa. Ban tuna na yi wani tunani ba. Hannuna ne ya je ƙirjina ya zaro abin numfashi na biyu, mai ruwan ɗorawa, ya miƙa masa a daidai bakinsa. Ya kama, ya fesar da ruwan da ke ciki, ya ja numfashi. Na ji tukunyata tana amsa mutum biyu. Muka riƙe ɗamarar juna, muka yi minti uku a wurin muna kallon agogo ɗaya, sannan muka fito.

A cikin jirgi ya ce ai ya faɗa, biyar ya nuna. Jagora ya ce hamsin ya gani. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

Abin da hannuna ya yi ba wayona ba ne. Usta ne ya sa mu maimaita miƙa abin numfashin nan har ya gundure mu, a tudu, a ruwa mara zurfi, ido buɗe, ido rufe, da gilashi, ba gilashi. A lokacin gani nake ɓata lokaci ne, ga murjani can yana jiranmu. Tun daga ranar Umbria na san abin da yake ginawa. A ƙarƙashin ruwa abin da jikinka ya saba yi shi zai yi, ba abin da ka karanta ba.

Da labari ya kai ga Usta bai zagi kowa ba. Washegari ya sa kowa ya shimfiɗa agogonsa a kan katakon jirgi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana karanta ƙaramin rubutun da ke ƙasan allura, inda aka sa bar ko psi, rubutun da yawancinmu ba mu taɓa kula da shi ba. Ya yanko jan salatif ya manna a kan gilashin kowane agogo, a daidai inda mai shi zai juya. Ya ce daga yau in an tambaye ka iska a ƙasa, kada ka ƙirga mini yatsu, juyo agogon ka nuna. Ya sa muka haddace 'yan lambobi kaɗan, ba yawa, don ya ce wanda ya haddace ashirin zai manta su duka: bar 100 psi 1,450 ne, bar 50 psi 725, mita 18 ƙafa 60, mita 30 ƙafa 100, mita 5 ƙafa 15. Haka dalmar da ake ɗaurawa a ƙugu, wanda ya ce a ba shi goma sai ya faɗi ko kilo ko laba, don kilo ɗaya ya fi laba biyu, wanda kuma aka ɗaura wa ninkin dalmar da yake bukata ƙasa zai yi kamar dutse. Haka saurin tasowa. Ƙafa talatin a minti, wato mita tara, shi ne tafiyar mai hankali. Mita talatin a minti hanyar asibiti ce.

Akwai wani abu da na daɗe ina juyawa. Me ya hana a tambayi baƙon nan tun a jirgi? Agogonsa a fili yake, lambobinsa manya. Girma ne ya hana. Mu da mutanen Sudan tarbiyyarmu ɗaya a nan: ƙarami ba ya ce wa babba nuna mini kayanka in duba, baƙo kuma ba a tsare shi da tambaya. Ina son wannan tarbiyya, da ita na tashi, da ita nake renon 'ya'yana. Amma a bakin ruwa tana bukatar gyara, kuma daga babba gyaran zai fito. Usta, da furfurarsa da shekarunsa a teku, kafin ya shiga ruwa sai ya kira mafi ƙanƙanta a cikinmu ya juya masa baya ya ce, "Ɗana, duba mini." Yaron ya murɗa makunnin tukunya ya tabbatar a buɗe yake, ya ja ɗamara, ya shaƙi abin numfashi yana kallon allura ko za ta girgiza, ya faɗi lambar da awonta da ƙarfi. Wanda ya ga Usta ya tsaya ana duba shi, ba zai ji nauyin a duba shi ba. Baƙo kuwa, ko da ido makaho ne, tambayarsa tana cikin haƙƙin baƙunci.

Awon da 'yan Khartum suka fi mantawa da shi ba na zurfi ba ne, na tudu ne. Bayan nutso jiki yana ɗauke da ragowar naitirojin na sa'o'i masu yawa, in mutum ya hau sama inda matsi ya ragu tana iya yin kumfa ko da ya fito lafiya. Shi ya sa ake cewa kada a hau jirgin sama sai bayan awa 12 ga wanda ya yi nutso sau ɗaya, awa 18 ga wanda ya maimaita. Kowa ya san wannan. Abin da ba a lura da shi shi ne motar Khartum ma hawa take yi. Da ka wuce Sawakin hanya ta fara hawan duwatsun Bahar Maliya, kafin ka kai Sinkat ka haura mita 800 a kan teku. Ɗalibi ko ma'aikaci da ke son ya kama aikin Lahadi sai ya fito daga ruwa ya nufi tasha, yana ganin ai ba jirgi ya hau ba. Usta ba ya sallamar kowa sai ya kwana ya yini. Ita kanta Khartum tana wajen mita 380 a kan teku, ƙa'idar nutso kuma ta ce duk ruwan da ya haura mita 300, wato ƙafa dubu, ba a karanta masa teburin teku kai tsaye, sai an yi gyara. Wanda ya ji dubu ya zaci mita ce zai ce Nilu bai shiga ciki ba, alhali ya shiga.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya tarwatsa unguwannin da nake ambata, ɗalibanmu da yawa ma ta hanyar Bur Sudan ɗin nan aka fitar da su. Baba ya riga mu gidan gaskiya kafin nan, Allah ya gafarta masa. Allah ya kawo wa Sudan zaman lafiya.

Mu ma a gida ruwa yana cinmu. A watan Mayun 2021 jirgi ya kife a Kogin Kwara a yankin Ngaski na jihar Kebbi da mutane fiye da ɗari. A ƙarshen Nuwamban shekarar wani ya kife a madatsar Watari ta Bagwai, akasarin waɗanda suka rasu ɗaliban Islamiyya ne. A irin wannan rana sarkawa da matasan gari ne ke faɗawa ruwa da numfashin ƙirjinsu kawai. Lokaci ya yi da za a ba su tukwane da horo, kuma ina fata a yi. Amma ina roƙon duk hukuma ko mai halin da zai saya musu, kada ya tattaro gwanjo daga nan da can, agogo ɗaya na Amurka, ɗaya na Turai, ya raba musu ya ɗauki hoto. Ya sayi duka da awo ɗaya, bar da mita. Ya kawo malamin da zai zauna da su har hannunsu ya saba, ba na kwana uku ba. Ya kuma gaya wa malamin tun kafin ya taso cewa Kano tana sama da mita 400 a kan teku, don ya zo da teburin da ya dace da ruwan Tiga da Watari.